Yaƙi Ɗan Zamba Ne: Yadda Masarautar Qin Ta Haɗiye Ƙasar Sin Da Takobi, Zinariya Da Ƙarya

A shekarar 1995, manoma a ƙauyen Yonglu, kusa da garin Gaoping a lardin Shanxi da ke arewacin ƙasar Sin, suna cikin aikin gona suka tono ƙasusuwan mutane. Da masu binciken kayan tarihi suka buɗe wurin, sai suka iske rami guda ɗauke da gawarwakin fiye da mutum ɗari, an jibge su wani kan wani babu tsari, ga kawunan kibau a cakuɗe da su. Mutanen yankin ba su sha mamaki ba, domin tun kaka da kakanni ruwan sama da garma ke fito musu da irin wannan. A nan aka gwabza yaƙin Changping a shekara ta 260 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsakanin masarautar Qin da ta Zhao. Sima Qian, babban marubucin tarihin Sin na da, ya ce sojojin Zhao dubu 400 aka hallaka a wannan kwari bayan sun ajiye makamai sun miƙa wuya. Masana da dama a yau na ganin adadin ya yi yawa. To, ko an raba shi gida goma, abin da ya rage ya isa ya tayar wa mutum tsigar jiki.

Littattafan dabarun yaƙin Sinawa sun game duniya. Ana karanta su a makarantun soja, 'yan kasuwa da 'yan siyasa ma suna neman sirrin nasara a cikinsu, kuma akan zuba labaran duka a tukunya ɗaya a kira su hikima. Bahaushe ma ya ce yaƙi ɗan zamba ne. Amma duk wanda ya bi labarin yadda Qin ta cinye sauran masarautu shida zai ga zambar iri biyu ce. Akwai wadda ake yi wa idon maƙiyin da ya fito da makami yana neman ranka. Akwai kuma wadda ake yi da rantsuwa, da gayyata, da alkawarin aminci, a mai da su tarko. Ta farko gwaninta ce. Ta biyu cin amana ce, kuma a kanta, tare da sayen fadawan maƙwabta, Qin ta fi jingina.

Duk shekarun tsohon tarihin da za su biyo baya na kafin haihuwar Annabi Isa ne, don haka lissafinsu raguwa yake yi. Sunan Qin kuwa, “Cin” ake furta shi.

Lokacin da yaƙi ke da kunya

A shekara ta 638, Sarki Xiang na ƙaramar masarautar Song ya ja daga a bakin kogin Hong yana jiran rundunar Chu, wadda ta fi tasa yawa nesa ba kusa ba. Mayaƙan Chu suka fara ƙetarewa, wasu sun haye wasu suna tsakiyar ruwa. Sarkin yaƙinsa ya ce, ranka ya daɗe, yanzu ne lokaci. Sarki ya ce a dakata. Suka gama hayewa suna ta kiciniyar daidaita sahu, ya sake neman izini, aka sake hana shi. Sai da abokan gaba suka shirya tsaf sannan aka buga tambari. Aka yi wa Song kaca-kaca, sarki ya samu rauni a cinya, raunin ya yi ajalinsa a shekara ta gaba. Da aka zarge shi, hujjarsa ita ce mai mutunci ba ya afka wa wanda bai shirya ba, ba ya ƙara wa mai rauni rauni, ba ya kama mai furfura.

Sinawa sun daɗe suna yi wa wannan sarki dariya, har Mao Zedong ya yi masa ba'a a rubutunsa na 1938. Ni ban ga abin dariya ba. Mutumin ya tashi ne a zamanin da yaƙi harkar 'ya'yan sarauta ce, a kan karusai, tsakanin gidajen da suka haɗa jini da auratayya, a kara da safe a watse da yamma. Laifinsa shi ne bai lura zamanin ya fara shuɗewa ba.

Ƙarni biyu bayansa, manyan masarautu sun lanƙwame ƙananan har saura bakwai masu ƙarfi: Qin a yamma, Chu a kudu, Qi a gabas, Yan a arewa maso gabas, sai Han da Zhao da Wei waɗanda suka raba tsohuwar ƙasar Jin. Yanzu manoma ake kwasowa dubu-dubu a ba su māshi da baka mai kunama, wanda ko sabon shiga zai iya huda sulken basarake da shi. Yaƙi ya koma na watanni da shekaru, kuma wanda aka ci, an shafe gidan sarautarsa ke nan. A wannan yanayi littafin Sun Tzu mai babi 13 ya samu karɓuwa, littafin da ya ɗora harkar yaƙi a kan yaudara, ya kuma keɓe babinsa na ƙarshe ga 'yan leƙen asiri. A 1972, a wani tsohon kabari a Yinqueshan da ke lardin Shandong, an tono kwafinsa rubuce a kan tsagaggun gora, tare da wani littafin da ya ɓace ƙarnoni da yawa, na wani mai suna Sun Bin.

Murahun Maling

Sun Bin da Pang Juan tare suka yi karatun yaƙi. Pang Juan ya riga samun muƙami, ya zama sarkin yaƙin Wei, amma ya san a ransa abokin nasa ya fi shi. Sai ya gayyato shi Wei, ya ƙulla masa sharri, aka nakasa masa ƙafafu aka yi masa tambarin masu laifi a fuska don kada ya ƙara shiga mutane. Wani jakadan Qi ne ya ɓoye shi a karusarsa ya fitar da shi. A can gurgun nan ya zama mai ba sarkin yaƙi Tian Ji shawara, yana zaune cikin lulluɓaɓɓen keke yana tsara abin da za a yi.

A shekara ta 341, Wei ta far wa Han, Han ta kai kuka Qi. Maimakon rundunar Qi ta nufi inda ake fama, sai ta miƙa Daliang, babban birnin Wei, dole Pang Juan ya juyo. Sun Bin ya san mayaƙan Wei sun daɗe suna ɗaukar na Qi matsorata, sai ya ce a nuna musu abin da suke son gani. A zangon farko aka gina murahun girki dubu 100. Washegari dubu 50. Rana ta uku dubu 30. Pang Juan yana bin sawu yana ƙirga murahun da aka bari, ransa fes, ya ce ai daman ya sani, kwana uku kacal fiye da rabinsu sun tsere. Ya bar yawancin dakarunsa a baya, ya ɗebi zaɓaɓɓu marasa kaya, suna haɗa tafiyar kwana biyu a yini ɗaya.

Sun Bin ya lissafa da almuru za su iso Maling, inda hanya ta matse. Ya sa aka ɓare bawon wata babbar bishiya har farin jikinta ya fito, aka rubuta cewa a gindinta Pang Juan zai mutu. Ya jera maharba dubu 10 a gefe da gefe, da umarni ɗaya: da kun ga wuta, ku saki. Pang Juan ya iso cikin duhu, ya hango fari-fari a jikin itace da alamar rubutu, ya ce a haska masa. Bai kai ƙarshen layin ba kibau suka yi musu rubdugu. Da ya ga babu mafita ya yanke maƙogwaronsa, aka kuma kama Yarima Shen mai jiran gadon Wei.

Wannan ita ce zambar da ban ga aibinta ba. Babu wanda ya rantse wa Pang Juan, babu wanda ya ba shi aminci. Da makami ya zo, kisa ya zo yi, kuma rainin da ke cikin zuciyarsa ne ya karanta masa murahun nan ba daidai ba.

Shekara ɗaya bayan haka, Wei ta sake faɗawa tarko, amma na wani iri. Shang Yang, wazirin da ya sake gina Qin da tsauraran dokoki, ya fara aikinsa ne da koya wa talakawa cewa hukuma ba ta ƙarya: ya kafa gungume a ƙofar kudu ta kasuwa, ya ce duk wanda ya kai shi ƙofar arewa yana da zinariya awo 10, da aka ƙi yarda ya mai da shi 50, wani ya ɗauka, aka biya shi nan take. Wannan Shang Yang ɗin ne a shekara ta 340 ya ja runduna zuwa Wei, ya iske kwamandan da ke gabansa Yarima Ang ne, tsohon abokinsa tun zamansa a ƙasar. Ya aika masa wasiƙa cewa zuciyarsa ba za ta iya yaƙar aboki ba, su haɗu su ƙulla sulhu su sha abin sha, kowa ya koma gida. Ang ya zo. Aka yi rantsuwa, aka zauna sha, sai sojojin da aka ɓoye suka fito suka kama shi, aka afka wa rundunarsa ba ta da shugaba. Wei ta sallama filayenta na yammacin Rawayen Kogi.

Bayan shekara biyu sarkin da ke kare Shang Yang ya rasu, magajinsa kuwa yana da tsohuwar ƙiyayya da shi. Ya gudu, mai masauki ya hana shi ɗaki saboda dokar Shang Yang ta hana saukar da baƙo marar takarda. Ya tsallaka Wei, suka tuna masa da Ang suka kora shi baya. Aka kashe shi, aka yayyaga gawarsa da karusai.

Malaman fiƙihunmu sun daɗe da raba waɗannan biyu: yaudarar maƙiyi a fagen fama halas ce, amma warware alkawari ko taɓa wanda aka ba aminci haramun ne. Abin lura shi ne mutanen Wei, waɗanda ba su san wannan fiƙihu ba, su ma sun raba. Sun Bin ya fi yi musu ɓarna, amma Shang Yang ne suka ƙi yafe wa.

Li 600 da suka koma 6

Qin ta kashe Shang Yang amma ta riƙe dokokinsa da halinsa. A shekara ta 313, babban abin da ke hana ta barci shi ne ƙawancen Chu da Qi. Sai ta tura Zhang Yi, mai zaƙin baki, wurin Sarki Huai na Chu da tayi: ka rabu da Qi, mu ba ka yankin Shangyu mai faɗin li 600, wato wajen kilomita 250. Fadawa suka yi ta taya sarki murna, in ban da Chen Zhen da ya ce a karɓi ƙasar tukuna kafin a rabu da aboki. Ba a saurare shi ba. Da Zhang Yi ya koma gida tare da jakadan Chu, sai ya yi kamar ya faɗo daga karusa, ya kwanta wata uku ba ya zuwa fada. Sarki Huai ya ɗauka Qin na ganin bai rabu da Qi sosai ba ne, sai ya aika wani ya je ya zazzagi sarkin Qi. Da Qi ta fusata ta koma ɓangaren Qin, Zhang Yi ya warke, ya ce wa jakada ga li 6 nan daga gonarsa, shi bai san zancen 600 ba.

Sarki Huai ya fita yaƙi cikin fushi a shekara ta 312, ya rasa mutum dubu 80 a Danyang, ya rasa yankin Hanzhong. Abin takaici, a shekara ta 299 Qin ta gayyace shi taron sulhu a mashigar Wu, aka gargaɗe shi, ya sake tafiya. Aka rufe hanya a bayansa, aka tsare shi, ya mutu a hannunsu bayan shekara uku. Mutanen Chu ba su manta wannan gawa da aka mayar musu ba, kuma daga cikinsu ne waɗanda suka rusa Qin za su fito.

Kada dai a ɗauka baki kaɗai ya yi aikin. Bayan kowace ƙarya akwai rumbu. Qin ta ci ƙasar Shu, wato Sichuan ta yau, a shekara ta 316, ta mai da ita gonar daula, musamman bayan aikin ban-ruwa na Dujiangyan wanda har gobe yana aiki. Har ma wata zambar da aka shirya mata ta koma riba: a shekara ta 246 Han ta tura masanin ruwa Zheng Guo ya zuga Qin ta haƙa ƙatuwar magudana don ta ƙarar da ƙarfinta. Asiri ya tonu, amma aka bar shi ya ƙarasa, magudanar ta shayar da tsakiyar ƙasar Qin, ta ciyar da rundunar da ta fara da cinye Han ɗin.

Changping

Rikicin ya faro ne daga kyauta. A shekara ta 262, Qin ta datse yankin Shangdang daga sauran ƙasar Han. Hakimin yankin, Feng Ting, ya ƙi miƙa shi ga Qin, ya ba Zhao garuruwansa 17. An gargaɗi Sarki Xiaocheng na Zhao cewa abin da Qin ta yi wa wahala ba za ta bar wani ya ci ba, amma ya karɓa.

Tsohon kwamandan Zhao, Lian Po, ya gwada Qin a 'yan karawa, ya ga ba riba, sai ya gina ganuwa ya zauna a bayanta, duk tsokanar da aka yi masa ya ƙi fitowa. Ya san Qin ce ke jigilar abinci daga nesa. Da takobi ya gaza, Fan Ju, wazirin Qin, ya juya kan fadar Zhao da ke Handan. Da farko, da Zhao ta aiko jakadan sulhu, sai aka yi masa gagarumar tarba a gaban baƙin sauran masarautu, don kowa ya ɗauka an kusa shiryawa, kada wani ya kawo agaji. Sannan ya aika zinariya awo 1,000 aka baza magana a Handan: Lian Po ya tsufa, yana dab da miƙa wuya, wanda Qin ke tsoro shi ne Zhao Kuo, ɗan marigayi Zhao She wanda ya taɓa karya ta. Sarki daman ya ƙosa da zaman jira, maganar ta zo masa daidai.

Mahaifiyar Zhao Kuo da kanta ta rubuta wa sarki kada ya naɗa ɗanta. Ta ce ubansa, duk kyautar da sarki ya ba shi, rabawa yake wa sojojinsa, kuma daga ranar da aka ba shi umarni ba ya ƙara tambayar harkar gida. Shi kuwa ɗan, daga naɗa shi ya kwashe kyautar ya kai gida yana neman gonaki da gidajen saye. Ta ce shi kansa uban ya sha faɗa cewa yaron na ɗaukar yaƙi abu mai sauƙi. Sarki ya ce ya riga ya yanke shawara. Sai ta roƙi abu ɗaya: in ya gaza, kada a hukunta iyalinsa.

Da labari ya isa Qin, a asirce ta miƙa rundunar ga Bai Qi, wanda ya ci babban birnin Chu a shekara ta 278, aka ce duk wanda ya fallasa sunansa a bakin ransa. Zhao Kuo ya fito daga ganuwa yana zaton kwamandan Qin na farko yake fuskanta. Sahun gaba na Qin ya yi kamar ya karye, ya bi su har gindin ganuwarsu, ya kasa fasawa. Kafin ya juya, mutum dubu 25 sun zagaya sun datse bayansa, mahaya dubu 5 sun raba shi da sansaninsa, hanyar abinci ta yanke. Sarkin Qin da kansa ya zo Henei ya kwashi duk namijin da ya kai shekara 15 ya tura su toshe hanyoyin agaji. Zhao ta roƙi Qi hatsi, Qi ta hana. Kwana 46 babu abinci, har sojoji suna kashe juna a ɓoye suna ci. Suka yi ta yunƙurin fasa ƙawanya suna kasawa, a na ƙarshe Zhao Kuo ya ja gaba da kansa, kibiya ta kashe shi. Sauran suka ajiye makamai.

Har zuwa nan, abin da Bai Qi ya yi aikin gwani ne. Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyar. Ya lissafa cewa waɗannan mutane ba za su zauna lafiya ƙarƙashin Qin ba, sai ya yaudare su, aka hallaka su aka tura a ramuka. Yara 240 kawai ya saki su kai labari gida. Manoma ne fa, waɗanda aka kwaso daga gonakinsu, yunwa ta gama da su, sun yarda cewa wanda ya ajiye makami ya tsira.

Sakamakon bai jima ba. Da Qin ta yi wa Handan ƙawanya, mutanen birnin sun riga sun san abin da miƙa wuya ke nufi, suka jure har agajin Wei da Chu ya iso a shekara ta 257, aka kori Qin. Bai Qi ya ƙi jan wannan yaƙin, ga kuma Fan Ju na yi masa hassada, sai sarki ya aika masa takobi a Duyou. Sima Qian ya ce kafin ya kashe kansa ya tambayi laifin da ya yi, ya yi shiru, sannan ya amsa wa kansa cewa abin da ya yi wa waɗanda suka miƙa wuya a Changping ya isa.

Malamin nan Xunzi, ɗan ƙasar Zhao, ya taɓa yin muhawara kan yaƙi a gaban wannan Sarki Xiaocheng. Ra'ayinsa shi ne yaudara ba ta cin kowa sai ƙasar da sarki da fadawansa suka rabu, kuma cin ƙasa abu ne mai sauƙi, riƙe ta ne wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Almajirinsa Li Si ya ɗauki rabin farko na karatun ya tafi da shi Qin.

Da ɗan gari kan ci gari

A zamanin Sarki Zheng na Qin, sayen fadawa ya zama tsarin hukuma. Wei Liao ya ba da shawarar a ware zinariya awo dubu 300 don wannan aiki. Li Si ya tsara yadda za a yi: a aika mutane da zinariya da duwatsu masu daraja, wanda ya sayu a saye shi, wanda ya ƙi a aika masa mai wuƙa, in fada ta rikice sai runduna ta biyo.

A Zhao mutumin da ya yi musu aiki shi ne bafade Guo Kai. Tun da farko, saboda gabar da ke tsakaninsu, shi ya toshe dawowar Lian Po daga gudun hijira. Sarki ya aika a dubo ko tsohon yana da sauran ƙarfi, Lian Po ya ci abinci mai yawa a gaban manzo, ya sa sulke ya hau doki. Manzon, wanda Guo Kai ya riga ya cika wa aljihu, ya koma ya ce tsoho dai yana ci, amma a ɗan zaman da suka yi sau uku ya zaga. Shi ke nan, ba a kira shi ba.

Saura Li Mu, kwamandan Zhao wanda ya shafe shekaru yana nuna wa mahayan Xiongnu cewa shi matsoraci ne har suka saki jiki ya murƙushe su, ya kuma karya Qin a 233 da 232. A shekara ta 229 kwamandan Qin, Wang Jian, ya kasa wuce shi. Aka kai wa Guo Kai zinariya, ya raɗa wa sarki cewa Li Mu na shirin tawaye. Aka kama shi aka kashe. Bayan wata uku rundunar Zhao ta watse, Handan ta faɗi a 228. Han ta riga ta tafi a 230, Wei ta bi a 225, Chu a 223, Yan a 222. Qi kuwa, wazirinta Hou Sheng ya daɗe yana cin kuɗin Qin yana ba sarki shawarar kada ya taimaki kowa, kada ya yi shiri. A 221 Sarki Jian ya miƙa wuya ba a harba kibiya ba, bisa alkawarin za a ba shi ƙasa. Aka kai shi wani daji a Gong, yunwa ta kashe shi.

Sarki Zheng ya zama Qin Shi Huang, ya raba ƙasa lardi 36, ya daidaita rubutu da ma'auni da kuɗi. Aiki ne babba, har yau Sin na cin moriyarsa. Amma da maƙwabta suka ƙare, makamin ya juyo gida. Da ya rasu a Shaqiu a shekara ta 210 yana kan rangadi, bafadensa Zhao Gao da Li Si suka ɓoye mutuwar, suka loda busasshen kifi a karusai don ya danne warin gawa, suka ƙirƙiri wasiƙa da sunansa zuwa ga babban ɗansa Fusu da kwamanda Meng Tian cewa su kashe kansu. Fusu ya bi umarni, aka naɗa ƙaninsa Huhai. Haka Sima Qian ya kawo, ko da yake shi ma'aikacin daular Han ne wadda ta gaji Qin (ba masarautar Han da Qin ta cinye ba), kuma wani tsohon rubutun gora da Jami'ar Peking ta samu a 2009 ya ce uban ne da kansa ya amince da Huhai. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Fusu da Meng Tian sun mutu, Li Si ma an datse shi biyu a kasuwar Xianyang, babban birnin Qin, a 208 bisa ƙagen Zhao Gao.

Da tawaye ya game ƙasa, babban kwamandan da ya rage wa Qin shi ne Zhang Han. Ya aika fada neman umarni, Zhao Gao ya bar manzonsa a ƙofa kwana uku bai gan shi ba. Wani jagoran 'yan tawaye, Chen Yu, ya rubuta masa yana tuna masa ƙarshen Bai Qi da Meng Tian. A 207 ya miƙa wuya ga Xiang Yu, jikan kwamandan Chu da Qin ta karya, shi kuma cikin dare ya sa aka hallaka sojojin Qin dubu 200 a Xin'an. Su ma manoma ne, su ma sun ajiye makamai, kuma zaluncin da kakanninsu suka yi bai halatta jininsu ba. A mashigar Yao, wani jagoran 'yan tawayen, Liu Bang, ya sayi kwamandan Qin da dukiya, mutumin ya yarda, sojojinsa suka saki jiki, ya afka musu. Ziying, sarkin Qin na ƙarshe, ya fito bakin hanya da igiya a wuya ya miƙa hatimi. Liu Bang ya ƙi kashe shi, Xiang Yu ya iso ya kashe shi ya cinna wa fadojin wuta. Daular da mai kafa ta ya yi wa fatan zuriya dubu goma, shekara 15 ta yi.

Ba kowane maci amana tarihi ya kama ba. A shekara ta 203 Liu Bang da Xiang Yu suka ƙulla sulhu, suka raba ƙasa a magudanar Honggou. Xiang Yu ya sako masa mahaifinsa da matarsa da ke hannunsa, ya juya gabas da gajiyayyun sojoji. Zhang Liang da Chen Ping, mashawartan Liu Bang, suka ce masa kada ya bar wannan dama, ya bi bayansa, aka ƙare da shi a Gaixia a 202. Daular Han da ya kafa ta yi wajen shekara 400, kuma da sunanta ake kiran mafi yawan Sinawa a yau. Duk da haka, abin da ya yi a Honggou cin amana ne.